XB-70: jirgin da zamani ya wuce tun kafin ya tashi

1/ Jama'a, kun san XB-70 Valkyrie? Amurka ce ta tsara shi don kai wa Tarayyar Sobiyet harin nukiliya. Injina shida gare shi, gudunsa ninki uku na sauti, can ƙololuwar sama inda ba a cim masa.

2/ Kwatsam a 1960 Sobiyet ta kakkaɓo jirgin leƙen asiri U-2 da makami mai linzami. Shi kenan, nisan sama ya daina zama kariya. A 1961 aka soke shirin, biyu kacal aka ƙera don gwaji. Sai 1964 na farko ya tashi.

3/ A 1966 ɗaya ya yi karo da F-104 wajen ɗaukar hoto, matuƙa biyu suka mutu. Ɗayan na gidan tarihi a Ohio, ko bam ɗaya bai taɓa jefawa ba.