Mai gadin ƙofar manhaja

A 1978 Stephen Johnson na Bell Labs a Amurka ya fito da Lint, manhajar da ke tsefe rubutun harshen C tana zaƙulo kurakurai. Amfani da ita ganin dama ne, mai gaggawa kuwa yakan tsallake. Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005, ya ba da damar dasa binciken a bakin ƙofa: rubutun da ya faɗi ba ya shiga ma'aji. A 2014 aka gano cewa layi guda da aka maimaita bisa kuskure ya raunana tsaron wayoyin iPhone. Wannan shinge kyauta ne, sai dai Git ba ya kafa shi da kansa, sai mai rubutun ya kunna.