Farfesar da ta buɗe wa mata hanyar komawa bincike

A da, aure kan raba mace da aikinta a Birtaniya. Sai a 1944 doka ta hana korar malamar makaranta don ta yi aure, a 1946 kuma aka ɗage irin wannan sharaɗi a aikin gwamnati. Ma'aikatar harkokin waje ba ta bi sahu ba sai farkon shekarun 1970.

Doka ta sauya, amma matsala ta rage. Macen da ta ajiye binciken kimiyya don rainon 'ya'ya ko jinyar iyaye, idan ta dawo sai ta tarar an yi mata nisa: na'urori sun canza, ba ta da sabbin rubuce-rubuce, masu ɗaukar aiki kuma suna ganin zamaninta ya wuce.

Daphne Jackson ta ga wannan asara da idonta. A 1971, a Jami'ar Surrey, ta zama mace ta farko da ta kai matsayin farfesar fiziks a ƙasar. A tsakiyar shekarun 1980 ta ƙirƙiro wani tsari: a ba mai son dawowa gurbi a jami'a na shekara biyu, tana aikin rabin lokaci da albashi, tana sabunta iliminta, tana kuma gudanar da bincike a ƙarƙashin kulawar ƙwararre.

Ta rasu a 1991. A 1992 aka kafa gidauniya da sunanta domin ci gaba da aikin, kuma yau har maza da suka dakata don kula da iyali suna cin moriyarta.