Toshewar mahaɗar zafi a shodiyer: dalilai, alamomi da hanyoyin gyara

A gidaje da yawa a Faransa da Beljiyam da Ingila, na'ura ɗaya ce mai aiki da gaz take ɗumama ɗakuna a lokacin sanyi, kuma ita ke ba da ruwan zafi na wanka da wanke-wanke. Ita ce Faransawa ke kira shodiyer. Ɗaya daga cikin matsalolin da aka fi kiran mai gyara a kansu ita ce toshewar mahaɗar zafi, wato sashen da zafi ke ratsawa ya shiga ruwa.

Yadda take aiki

Shodiyer mai aiki biyu yawanci tana da mahaɗa biyu. Babbar tana wurin wutar gaz, tana dafa ruwan da ke zagayawa cikin bututai da radiyatocin ɗakuna. Wannan ruwa a rufe yake, shi ne dai ke kai da kawo shekara da shekaru. Ƙaramar kuwa, wadda masu gyara ke kira échangeur à plaques, faranti ne sirara na baƙin ƙarfe marar tsatsa da aka jera aka manne. Ruwan zafi na na'urar yana bi ta gefe ɗaya, ruwan sanyi na famfo yana bi ta ɗaya gefen. Ba sa gauraya, zafi kaɗai ke ratsa ƙarfen. Da yake hanyoyin da ke tsakanin farantan matsattsu ne, datti kaɗan ya isa ya toshe su.

Abin da ke toshe ta

Na farko shi ne kalker, farin ɓawon nan da ake gani a gindin butar shayi. Ruwan da ya ratso duwatsun farar ƙasa yana ɗauke da kalsiyam da maganiziyam. Idan zafinsa ya haura digiri 55 zuwa 60, sai su riƙa daskarewa da sauri a jikin ƙarfe. A Faransa ana auna nauyin ruwa da digirin Faransa: digiri 1 daidai yake da miligiram 10 na kalker a kowace lita. Ruwan da bai kai digiri 15 ba mai sauƙi ne, wanda ya wuce 30 kuwa mai nauyi ne. Yankin Paris da arewacin ƙasar suna da ruwa mai nauyi, Biritaniyar Faransa kuma nata mai sauƙi ne.

Na biyu shi ne baƙar laka. Tana fitowa ne daga tsatsar cikin radiyatoci, ruwa ya kwaso ta ya jibge a mahaɗa. Kalker ya fi taruwa a gefen ruwan famfo, laka kuma a gefen ruwan da ke zagaye. Sanin wanne ne ya toshe shi ke nuna irin gyaran da za a yi.

Alamomi

Ruwan wanka yana zafi yana sanyi ba tare da an taɓa famfo ba. Ƙarfin ruwan zafi ya ragu alhali na sanyi yana nan yadda yake. Na'urar tana ƙara kamar buta na tafasa, ko ta mutu da kanta saboda zafi ya yi mata yawa. Kuɗin gaz kuma yana hawa, domin ɓawon kalker yana tare zafi. Sai dai waɗannan alamomi suna iya fitowa daga lalacewar ma'aunin zafi ko bawul mai raba ruwa, shi ya sa ake bincike kafin a sayi sabon kaya.

Wankewa ko sauyawa

Mai gyara yakan kashe wuta da gaz, ya rufe ruwa, ya zubar da na cikin na'urar, sannan ya kwance mahaɗar. Yana haɗa ta da ƙaramin injin da ke zagaya ruwan asid mai sauƙi, kamar sitirik ko fosforik. Kalker yana kumfa idan asid ya taɓa shi. In kumfa ya tsaya, ya narke ke nan. Daga nan a ɗauraye sosai, a mayar da sababbin zoben roba, a cika ruwa har ma'auni ya nuna tsakanin bar 1 da 1.5. Asid mai ƙarfi irin hidrokilorik yana cin ƙarfe marar tsatsa da alminiyam, yana iya huda mahaɗa.

Ana sauya ta ne idan ta huje, ko an wanke ba ta buɗe ba. Alamar huji ita ce ma'aunin ruwa ya riƙa hawa da kansa. Idan laka ce ta toshe ta, dole a wanke bututan gidan gaba ɗaya, in ba haka ba sabuwar ma za ta bi sahun tsohuwar. Idan babbar mahaɗar ce ta lalace a tsohuwar na'ura, sau da yawa kuɗin gyara yakan kusanci na sabuwa.

Doka da kariya

Tun 2009 dokar Faransa ta wajabta duba shodiyer mai ƙarfin kilowat 4 zuwa 400 sau ɗaya a shekara a hannun ƙwararre. Ɗan haya ne ke biyan wannan, sai in yarjejeniya ta ce akasin haka, kuma ana ajiye takardar shaida shekara 2. Sauya babban kayan da ya tsufa kuwa nauyin mai gida ne. Buɗe ɓangaren wuta ba aikin kowa ba ne, saboda iskar kabon monoksaid ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa.

Rigakafi ya fi magani: a tsayar da zafin ruwa a wajen digiri 55, a sa matata mai maganaɗisu da ke kama laka, a sa na'urar rage nauyin ruwa inda kalker ya yi yawa. Wannan ƙa'ida ta kalker ta shafi shofo na gaz ko na lantarki a ko'ina, musamman inda ake amfani da ruwan rijiyar burtsatse mai barin farin ɓawo a buta.