Gasar Manhajojin Kallon Finafinai da Cinikin Lasisi

Gasar da kamfanonin nuna finafinai ta intanet ke yi, asalinta rigimar mallaka ce: wa ke da fim, wa ke hayarsa, shekara nawa, kuma a waɗanne ƙasashe. Lasisi ne ke fayyace wannan, shi ya sa mai kallo a Kano kan nemi fim ya rasa, alhali ana nuna shi a Amurka a manhaja guda.

Reed Hastings da Marc Randolph ne suka kafa Netflix a Kalifoniya a 1997, suna aika faifan DVD ta gidan waya. Sai a 2007 kamfanin ya fara nuna finafinai ta intanet, galibinsu ba nasa ba ne. Manyan kamfanonin Hollywood suka riƙa ba shi hayar tsofaffin kayansu da araha, a ganinsu kuɗi ne daga sama. A 2008 tashar Starz ta ba shi dubban finafinai kan kusan dala miliyan 30 a shekara. Ɗan hakin da suka raina kuwa shi ya tsone musu ido. Starz ta janye a 2012, Netflix ya fito da shirinsa House of Cards a 2013.

Daga nan kowa ya janye kayansa ya buɗe tasa manhajar. Disney+ ta fara a Nuwamban 2019, HBO Max da Peacock suka biyo baya a 2020. Abin lura shi ne, tsofaffin shirye-shiryen barkwanci aka fi kokawa a kansu, domin su mutane ke maimaita kallo ba gajiya. WarnerMedia, mai HBO Max, ta biya kusan dala miliyan 425 ta mai da Friends gida daga Netflix, NBCUniversal, mai Peacock, ta biya kusan miliyan 500 kan The Office. Mai kallo ne ya sha wahalar wannan rabo, abin da yake samu da kuɗin wata ɗaya ya koma sai ya biya wuri uku ko huɗu.

Tafiyar ba ta ɗore ba. A farkon 2022 Netflix ya yi asarar masu biya 200,000, masu zuba jari suka fara neman riba maimakon yawan jama'a. A 2023 Warner, da bashi ya yi mata katutu, ta koma ba Netflix hayar shirye-shiryen HBO irin su Insecure da Band of Brothers.