Shahara, sha'awa da yarda da kai a waƙoƙin Hausa na zamani

Waƙoƙin Hausa na zamani su ne waɗanda ake ɗauka a sutudiyo da kiɗan fiyano da kwamfuta, saɓanin na makaɗan gargajiya masu amfani da kalangu, kotso, taushi, kuntigi ko ƙwarya. Sun haɗa da waƙoƙin fina-finan Kannywood da ake kira nanaye, da waƙoƙin biki, da na siyasa, da kuma hip-hop na Hausa wanda wasu manazarta ke kira gambarar zamani. Daga cikin jigogin da ke yawan fitowa a cikinsu akwai shaharar mawaƙi, da sha'awar da ke tsakanin namiji da mace, da yardar mutum da yadda yake.

Waɗannan jigogi uku sanannu ne a waƙoƙin Turai da Amurka, inda ake faɗarsu kai tsaye. Mawaƙiyar Amurka Lady Gaga, alal misali, ta sa wa kundinta na 2008 suna The Fame, na 2011 kuma Born This Way. A Hausa ba kasafai ake kiran abin da sunansa ba. Shahara takan zo a rigar kirari da habaici, sha'awa a cikin sakaya zance, yarda da kai kuwa a cikin harshen ƙaddara da godiya ga Allah.

Asali

Fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da ya yi kasuwa a Kano shi ne Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa, a 1990. A cikin shekaru goma da suka biyo baya, rawa da waƙa irin na fina-finan Indiya suka zama ginshiƙin fim, kuma fim ɗin Sangaya, wanda ya fito a kusa da shekarar 2000, na daga cikin waɗanda waƙarsu ta fi labarinsu yaɗuwa. Daga nan aka samu tsarin da har yau ake bi: namiji da mace suna karɓa-karɓa, ana gyara muryoyinsu da na'ura, 'yan wasa kuma suna motsa baki a gaban kyamara. Brian Larkin da Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi rubutu mai yawa kan yadda Hausawa suka ari salon Indiya domin faɗar abin da al'ada ba ta ba saurayi da budurwa damar faɗa a fili ba.

Sai dai jigogin kansu sun girmi fiyano. Abin da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ke kira turke a waƙar baka, wato babban saƙon da waƙa ta ɗauru a kansa, ya ƙunshi yabon kai da zambo da soyayya tun zamanin makaɗan fada da na jama'a.

Shahara

A al'adar Hausa ta da, makaɗi da maroƙi ba sa cikin masu babban matsayi, ko da kuwa sunansu ya kai ko'ina. M. G. Smith ya bayyana haka a maƙalarsa ta 1957 kan roƙo: sana'a ce da ake buƙata, ake kuma tsoron bakin mai yin ta, amma ba kowa ke son ba shi 'yarsa ba. Wannan ne ya sa yabon kai ya zama wajibi ga makaɗi. Ibrahim Narambaɗa da Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, kowannensu yana da waƙar da ake kira Bakandamiya, inda yake wasa kansa da nuna fifikonsa a fagen waƙa.

Mawaƙan zamani sun gaji wannan, suka canza masa kaya. Da yawansu kan ambaci sunansu da na sutudiyo da na mai kiɗa a farkon waƙa ko ƙarshenta, wanda hakan talla ne, kuma kariya ne daga masu kwafar waƙa su raba ta babu suna. Laƙabi ma wani kirari ne: ana kiran Fati Nijar, 'yar asalin Maraɗi, Gimbiyar Mawaƙa, Ado Gwanja kuma Limamin Mata. Naziru M. Ahmad ya samu sarautar Sarkin Waƙar Sarkin Kano daga Muhammadu Sanusi II a 2018, ya ajiye ta a 2020 bayan an sauke sarkin, amma sunan bai bar shi ba. Dauda Kahutu Rarara kuwa ya nuna wata hanyar, inda shahara ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da ubangidan siyasa, kamar yadda ta makaɗin fada ke tafiya da sarkinsa.

Abin da ya bambanta jigon shahara a Hausa shi ne kusan kullum yana tare da maƙiyi. Ba a cika samun waƙar da mawaƙi ke kukan cewa ɗaukaka ta sa shi kaɗaici ko ta raba shi da kansa ba, kamar yadda ake samu a waƙoƙin Amurka. Abin da ake samu shi ne mahassada, 'yan baƙin ciki, magulmata da abokin da ya juya baya. Ɗaukaka baiwa ce daga Allah, saboda haka mai jin haushinta yana ja ne da hukuncin Ubangiji. Da wannan dabara mawaƙi kan yi alfahari ba tare da an kama shi da girman kai ba. Masu hip-hop irin su ClassiQ, Morell da DJ AB sun fi sakin jiki wajen cika baki, amma su ma maƙiyan nan ba sa rabuwa da baitocinsu.

Sha'awa da sakaya zance

Mafi yawan waƙoƙin nanaye na soyayya ne, kuma soyayyar da ke fuskantar aure. Kalmomin da ke yawo a cikinsu su ne zuciya, ruhi, bege, ƙauna, amana, alƙawari da rabuwa. Jiki ba ya ɓacewa, amma ana taƙaita shi ga abin da kunya ta yarda a ambata: ido, murmushi, wushirya, murya, tafiya. Abin da ya wuce nan sai a miƙa shi ga siffantawa. Zuma, madara, rake, ruwan sanyi ga mai ƙishirwa, lambu da 'ya'yan itacen da suka nuna, ciwo da maganinsa, duk suna ɗaukar ma'ana biyu. Yaro zai rera su a tsakar gida babu wanda zai tsawata masa, babba kuma ya san inda aka dosa. Wannan harshen damo shi ne babbar fasahar waƙoƙin, kuma shi ne mafakarsu idan an tuhume su da batsa.

Akwai wani abu na nahawu da ke da tasiri a nan. Wakilin suna na mutum na biyu a Hausa yana rarrabe jinsi: kai da ke, ka da ki, naka da naki. A Turanci kalma ɗaya ce ga kowa, don haka mawaƙi na iya rera waƙar soyayya gaba ɗaya ba a san wa yake nufi ba, kuma mawaƙa da dama a can sun fake da hakan. Bahaushen mawaƙi ba shi da wannan mafaka. Baiti na farko ya kan fallasa ko da mace yake magana ko da namiji. Tsarin karɓa-karɓa ya ƙara tabbatar da hakan. Soyayyar jinsi ɗaya ba jigo ba ce a kasuwar waƙar Hausa, kuma dokar tarayya ta 2014 da dokokin shari'ar Musulunci na jihohin arewa sun haramta ta.

Ba daidai ba ne a ɗauka cewa fitar da zancen jiki fili baƙon abu ne da fim ya kawo. Barmani Choge, 'yar Funtuwa da ta rasu a 2013, ta shafe shekaru tana kiɗan amada a bukukuwan aure da suna, tana waƙa kan surar mace, kishi da zaman aure da kalmomin da mawaƙin nanaye ba zai iya furtawa a yau ba. Bambancin shi ne wurin: taron mata ne, a cikin gida. Ado Gwanja, wanda ya yi suna da fitowa a matsayin ɗan daudu a fina-finai, ya ɗauko wannan harshe na mata, da habaicinsa da shewarsa, ya ɗora shi a kan kiɗan zamani. Da waƙar ta bar tsakar gida ta hau wayar kowa, sai abin da ake yi wa dariya a biki ya zama abin kai ƙara.

Takunkumi

An kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001, bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000. Ta ƙara tsanani a 2007, lokacin da bidiyon sirri na wata 'yar fim ya bazu a wayoyi, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim ya shugabance ta. A shekarar aka yanke wa Adam A. Zango ɗaurin wata uku saboda kundin bidiyonsa na Bahaushiya. A 2009 wata kotun tafi-da-gidanka ta haramta waƙoƙi 11, aka kuma kama Aminu Ladan Abubakar, wato Alan Waƙa, kan Hasbunallahu, waƙar da ba ta soyayya ba ce, ta kai kuka ga Allah ce kan masu takura wa mawaƙa.

A 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga masana'antar saboda ta fito a bidiyon wata waƙar ClassiQ suna riƙe hannu da runguma. A 2020, lokacin kullen korona, waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta haifar da gasar da matan aure ke rawa a gaban mazajensu suna sakawa a intanet, malamai suka yi ta suka. A 2022 wasu lauyoyi a Kano sun kai ƙarar Ado Gwanja da Safara'u da Mr 442 da wasu 'yan TikTok gaban kotun shari'ar Musulunci, a 2025 kuma Hisbah ta Kano ta haramta Amanata ta Hamisu Breaker.

Idan aka jera waɗannan, za a ga kalmomin waƙa ba su ne kan gaba wajen jawo hukunci ba. Abin da ya fi tayar da ƙura shi ne hoto: wa ya yi rawa, da wane tufafi, a gaban wa. Kuma nauyin ya fi faɗawa kan mata. Ko a tsarin nanaye, mawaƙiyar da ta rera baitin a sutudiyo ba a ganin fuskarta, 'yar wasan da ta hau waƙar ita ke shan zagi.

Yarda da kai

Wannan jigo shi ne mafi ɓoyuwa a cikin ukun. Hausa ba ta rasa hanyar faɗarsa ba, amma hanyar ta bi ta tauhidi: haka Allah ya yi ni, kowa da rabonsa, arziki da rashi duk jarrabawa ne. Mai waƙa ba ya cewa ya zaɓi kansa, cewa yake an zaɓa masa kuma ya gode. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya mayar da maraicinsa sunan da duniya ta san shi da shi, ya kuma yi wa masu ƙananan sana'o'i irin su karen mota waƙa da mutunci. Barmani ta yi ta kiran mata su kama sana'a kada su zauna jiran miji.

A waƙoƙin zamani jigon yana fitowa ta fuska uku da ke cuɗanya da juna. Akwai talakan saurayi da aka hana shi budurwa saboda babu, yana cewa talauci ba aibi ba ne. Irin wannan ya cika waƙoƙin Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da takwarorinsu. Akwai kare sana'ar waƙa kanta daga masu kiranta iskanci ko roƙo, wanda Alan Waƙa da Nazir Ahmad Hausawa, da aka fi sani da Ziriums, suka yi a shekarun takunkumi. Akwai kuma alfahari da zama Bahaushe ko ɗan arewa a kasuwar kiɗan Najeriya da Legas ta mamaye, inda masu hip-hop ke cakuɗa Hausa da Turanci da Pidgin ba tare da neman afuwa ba.

Yarda da kai ta fuskar mace da jikinta ita ce ba ta samu wurin zama ba tukuna. Safiya Yusuf, wadda aka sani da Safara'u a shirin Kwana Casa'in na tashar Arewa24, ta koma waƙa bayan an cire ta daga shirin sakamakon yaɗuwar wani bidiyonta na sirri. Masu sauraro sun rabu biyu a kanta: wasu na ganin mace ce da ta ƙi yarda abin kunya ya binne ta, wasu na ganin rashin nadama ne.

A Dutse da tsakiyar Jigawa

Jigawa tana cikin jihar Kano har zuwa 27 ga Agusta, 1991, kuma har yau kasuwar waƙarta a haɗe take da ta Kano. Yawancin waƙoƙin da ake ji a Limawa, Kachi, Kudai da sauran mazaɓun Dutse, da garuruwa irin su Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu, a sutudiyoyin Kano da Kaduna aka buga su. Suna isowa ta gidajen rediyo irin su Freedom Radio Dutse, da masu tura waƙa a waya a bakin kasuwa da tasha, da masu DJ a gidan biki, da kuma YouTube da TikTok, musamman a tsakanin ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011.

Hukuncin hukumar tace fina-finai ta Kano yana aiki ne a cikin iyakar jihar Kano kawai, don haka haramcin da aka yi a can ba ya zama doka a Dutse da kansa. Tacewar da ta fi tasiri a nan ta gida ce: mahaifin amarya da ke cewa ba za a kawo DJ ƙofar gidansa ba, da mai unguwa, da limamin da zai taɓo zancen a huɗubar Juma'a. Waƙar da aka hana sakawa a lasifika a ƙofar gida kuma sau da yawa ita ce ake kunnawa a wayar ƙawayen amarya ranar kamu, bayan maza sun fita.