Facin taya a hanyar Kumasi: abin da direba ya kamata ya sani

Motocin da ke kawo albasa da dabbobi Kumasi daga Nijar da Burkina Faso, yawancinsu kan hanyar N10 suke biyowa, ta Tamale da Techiman. Tafiya ce mai nisa a kan kwalta mai zafi, kuma taya ce ke fara jin jiki.

Idan taya ta yi faci

Kada a taka birki da ƙarfi. A riƙe sitiyari da hannu biyu, a ɗaga ƙafa daga totur har mota ta rage gudu, sannan a gangara gefen dama, domin tun 1974 Gana ke tuƙi ta hannun dama kamar maƙwabtanta. A kunna fitilun gargaɗi, a ja birkin hannu, fasinjoji su sauka su nisanci titi. A kafa alamar nan mai kusurwa uku nesa da bayan mota. Ganyen da ake zubawa a kan titi ba a ganinsa da dare.

Canza taya

A sa dutse a tare tayar da ke ɗaya ɓangaren. A sassauta notina tun mota na ƙasa, kafin a ɗaga ta da jak. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. In an sa safaya, a ɗaura notina a tsallake-tsallake, wannan sai wanda ke fuskantarsa, a ƙarasa matse su bayan an sauke mota.

Wurin mai faci

Ba a rasa masu faci a bakin titunan Aboabo da Asawase da Sabon Zongo. In aikin ya haɗa da rim da ya lanƙwashe, sai Suame Magazine, babbar matattarar makanikai da masu sayar da kayan mota a Kumasi.

Sai dai ba kowace huda ke ɗaukar faci ba. Ƙusar da ta shiga ta fuskar da ke taka ƙasa ana gyara hudarta, kuma facin da aka liƙa ta ciki ya fi toshiyar da ake cusawa ta waje ƙarko. Amma in gefen taya ne ya tsage ko ya kumbura, zaren cikinta ya riga ya tsinke. Ko an liƙe, tana iya fashewa ana cikin gudu.

Kafin a sayi ta hannu

A jikin taya, bayan haruffan DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne shekarunta: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. A duba zanen kuma, kada zurfinsa ya gaza milimita 1.6. Roba tana tsufa ko da zanenta bai cinye ba, shi ya sa arha a nan ba ta ado.

A auna iska da safe kafin a kama hanya, har da ta safaya.