Fatoma da Dillali a Fataucin Goro da Shanu

Fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, wanda ya bunƙasa ƙwarai a ƙarni na 19 a zamanin Daular Sakkwato, ya ɗaukaka sunan Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, amma ya rayu ne bisa aikin wasu mutane da ba su mallaki hajar ba, sai dai su sayar da sani da shawara da lamuni. Ayarin da ya tashi daga Kano ɗauke da kanwa da tufafi da kayan fata, a ƙarƙashin madugu, wato shugaban tafiya, yakan haye kogin Kwara ta wajen Yawuri, ya ratsa Bargu, ya shafe watanni kafin ya isa Salaga, inda ake kawo goron kurmin Ashanti. Da zarar an sauke kaya a zango, ragamar al'amari takan koma hannun fatoma.

Fatoma, wanda ake kuma kira maigida, shi ne mazaunin gari da ke saukar da baƙin fatake, ya ciyar da su, ya adana kayansu da kuɗinsu, ya yi musu tafinta, sannan ya haɗa su da masu saye ta hannun dillalansa. Dillali shi ne mai shiga tsakanin mai kaya da mai saye har a ce albarka, a sake tayawa, a sallama, ladan aikinsa kuma shi ake kira la'ada. Abin da baƙo yake saye a wurin fatoma ya wuce ɗaki da tuwo, domin goro haja ce mai saurin lalacewa, wadda sai an naɗe ta da ganye an ɗaure huhu, ana kwancewa lokaci lokaci ana yayyafa ruwa ana tsince wanda sankara ta kama, saboda haka shawarar a saya yau ko a jira kasuwa ta faɗi tana iya zama bambancin riba da karyewar jari. Fatoma ne ya san wane ɗan kasuwa ke cika alkawari, wane ne kuma bakinsa ya fi aljihunsa nauyi.

Nasarar da Turawan Ingila suka yi a kan Ashanti a 1874 ta raunana matsayin Salaga, yaƙin basasar 1892 kuma ya watsa 'yan kasuwarta zuwa garuruwa irin su Kete-Krachi, daga baya jirgin ruwa da jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911, suka maye gurbin jaki. Aikin madugu ya shuɗe tare da ayari, na fatoma kuwa ya bi kasuwa duk inda ta koma, domin jirgi bai kawar da buƙatar baƙo ta samun wanda zai tsaya masa ba.

Unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, ita ce misalin da aka fi nazarta, musamman a littafin Abner Cohen na 1969. A can, a lokacin binciken Cohen, ɗan kasuwar Arewa yakan danƙa shanunsa ga maigida, dillalan maigida su sayar wa mahautan Yarbawa bashi ba tare da wata takardar yarjejeniya ba, idan kuma mahauci ya kasa biya, maigida ne zai biya daga aljihunsa. Wannan sharaɗi ne ya ba shawararsa daraja, tun da kuskuren hukuncinsa a kansa yake faɗawa, kuma shi ya tilasta masa bin diddigin halin kowane mahauci da yawan bashin da ke wuyansa. Maigidan da ya bar baƙo da asara, labarinsa kan riga shi isa Arewa, fatake su sauya masauki. Wanda ya riƙe amana kuwa yakan tara gidaje da dillalai da yara masu cin abinci a ƙofarsa, kuma a tsakanin irin waɗannan manyan masu gida ne ake takarar faɗa a ji a sha'anin sarautar Hausawan Sabo.